Baburin da Ke Cikin Rumbun Kwance

Wai an ce a kasuwar Ɗanbatta babur ne ya haifi Mika'ilu mai walda. Har wani mai sayar da kanwa ya rantse da idonsa ya ga ƙwan da babur ɗin ya saka, girmansa ya kai masaki, aka rufe shi da ƙaiƙayi kwana arba'in, ya ƙyanƙyashe, Mika'ilu ya fito da sifana a hannu. Kafin labarin ya isa Kunci an ƙara da cewa fetur yake sha da safe a maimakon koko.

To, ƙarya ce, kuma ni ya kamata in sani, tunda rabin ƙaryar daga bakina ta fita. Zancen ƙwai nawa ne. Na fetur ban san wanda ya ƙara ba, amma wallahi ya burge ni. Mace ce ta haifi Mika'ilu, sunanta Aina'u, ƙanwar babana uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya sa muke taubasai, shi ya sa kuma duk abin da na faɗa a kansa ba shi da inda zai kai ƙarata. Ni ne Sabiru. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, in kun ga harafi ya karkace ku miƙe shi da kanku.

Mika'ilu ya kusa hamsin. Dogo ne, in ya tsaya a gona tsuntsaye har shawara suke ko su sauka a kansa. Maganar da yake yi a shekara ba ta kai wadda nake yi kafin in gama alwala ba. Rumfarsa tana bakin ƙauyenmu, Marken Tudu, yana gyaran garma da amalanke da ƙofa da babur. Yana da wata ɗabi'a: in ka kawo masa ƙarfe ba ya kallonsa. Sai ya rufe ido ya shafa shi da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro, sannan ya faɗi sunan maƙerin da ya taɓa maka shi. Bai taɓa kuskure ba. Ya ce kowane maƙeri da sawun gudumarsa.

Ranar da aka haife shi Aina'u ta rasu. In ka tambayi manya a ina, sai su ce "a hanya," su shiga wani zance. Ubansa Abdulkabir maƙeri ne, amma mu da muka tashi ba mu taɓa ganinsa da guduma ba. Abin da muka sani shi ne mahaukacin rumbu. A ƙarshen gonarsa akwai wani gini na ƙasa, dogo, a kwance, ba ƙofa ba taga, kamar kabarin ƙaton mutum. Rumbun Kwance muke ce masa, ko da yake ko ƙwayar gero ba a taɓa zubawa a ciki ba. Nan Abdulkabir yake wuni, bayansa jingine da bango, leɓensa yana motsi. Aka ce da aljanu yake hira. Aka ce wata rana da tsakar rana, a damina, masu noma sun ji ƙara ta ratsa cikin dawa, sun hango wani abu mai ƙyalli ya wuce kamar kibiya da Abdulkabir a kai, kuma tun ranar bai koma daidai ba. Ya mutu Mika'ilu yana da shekara tara. Wasiyya ɗaya ya bar masa: kada ya bar ginin nan ya zube. Shekara kusan arba'in Mika'ilu yana yaɓe shi duk kaka, yana sake masa jinka, bai taɓa huda bango ya leƙa ba. Ni da ni ne, kafin a share makoki da na shiga da gatari.

Sai in faɗa muku yadda garinmu yake, don zancen zai dawo kansa. Mota ba ta shiga Marken Tudu. Daga titi zuwa gari burtali ne siriri, gona ta dama gona ta hagu, in dawa ta yi tsawo mutum biyu ba sa jerawa. Gonar da ta bi gefensa tun daga fari har ƙarshe ta babana ce, Malam Tahir, Allah ya jiƙansa, yanzu kuma tawa. Mutum ne da bai taɓa bari a ci masa taku ɗaya na ƙasa ba. Ko akuya ce ta saka ƙafa sai ta yi bayani. Na daɗe ina alfahari da wannan a majalisa.

Bana, cikin watan takwas, ran wata Litinin, aka kwana aka wuni ana ruwa. Wajen azahar ya ɗauke, rana ta buɗe da zafi, gari ya yi tsit, ko zakara babu. Sai aka fara jin kuka daga gonar Abdulkabir. Kuka siriri, ya tashi ya kwanta, ya tashi ya kwanta, sak na jaririn da aka haifa yanzu.

Mata suka janye yara ɗaki. Maza muka fita, kowa yana tura na kusa da shi gaba. Ni na tsaya can baya don in ga komai da kyau. Mika'ilu ne kaɗai ya ratsa dawar kai tsaye.

Gefe ɗaya na Rumbun Kwance ya rufta. Daga cikin ramin wani baki ne ya leƙo, baƙi wuluk, mai tsini kamar kan tarwaɗa. Mika'ilu ya sa hannu ya riƙa ɓantare ƙasa har abin ya fito gaba ɗaya. Taya biyu gare shi, sun ruɓe. Tsawonsa ya yi babur ɗaya da rabi. An lulluɓe shi da ƙarfe tun daga hanci har wutsiya, sumul, ba madubi, ba ƙugiya, ba abin da ya turo waje. Har inda mahayi zai sa ƙafa a ciki yake. An shafe shi da baƙin mai mai kauri, da Mika'ilu ya goge da gefen rigarsa sai ƙarfen ya yi wal kamar jiya aka gama. Bayan wurin zaman kuma akwai dogon murfi da ƙananan huji jere a gefe. Iska ta kaɗo ta bi ta hujin, kukan ya sake tashi a gabanmu. Wani dattijo ya zauna a cikin taɓo bai sani ba.

Mika'ilu ya ɗaga murfin.

Ciki kamar kwami ne, daidai tsawon mutum a kwance. Akwai tabarmar kaba da ta zama gari, da wani zani a ninke wanda launinsa ya gudu, da igiya biyu a ɗaure dama da hagu, daidai inda hannun wanda ya kwanta zai kai. An murɗa igiyoyin nan har sun yi santsi.

"Makara ce," in ji wani a bayana. "Makara mai taya."

Shi ke nan, kalmar ta kama. Kafin la'asar an gama shari'a: Abdulkabir matsafi ne, da wannan yake kai wa aljanu mutane, kuma matarsa ce ta farko. Aka tuno yaran da suka mutu da ƙyanda shekara arba'in da biyar da suka wuce aka ɗora masa. Wani mutum da ya kawo wa Mika'ilu garma gyara ya aiko a karɓo masa ita haka nan a karye.

Muka tura abin zuwa rumfar Mika'ilu, ni da shi, don ba wanda ya yarda ya taɓa. A nan na lura da abu na biyu. Duk yadda ka jingine shi, in ka saki, kan babur ɗin sai ya juya a hankali, ƙiiii, ya fuskanci hanyar Ɗanbatta. Na juya shi yamma, ya dawo. Na juya wutsiyar gaba ɗaya, ya karkato wuya kamar mai waiwaye. Mika'ilu ya ce ƙarfen gaba ne ya ɗan lanƙwashe. Na ce to Allah ya sa, na koma wajen rumfar na zauna.

Mai unguwa ya zo da kansa, ya tsaya nesa.

"Mika'ilu, mutane sun tsorata. Ran Juma'a bayan an sauko 'yan gwangwan za su zo su sare shi, a fitar da shi daga garin nan."

"Ranka ya daɗe, aikin hannun mutum ne."

"Na sani. Hannun wa?"

Mika'ilu ya ce, "Na ubana."

"To ka ji. Abin da nake tambaya, me mutumin kirki zai yi da makara mai taya? In ka kawo amsa kafin Juma'a, a bar maka kayanka, ni da bakina zan wanke shi. In babu, a sare, kuma abin da mutane suka faɗa ya zauna."

Ba ƙarfen ne ya dami Mika'ilu ba. Shekara arba'in yana jin ana ce wa ubansa mahaukaci yana haɗiyewa. Yanzu ana shirin mayar da shi mai kisan kai, wanda ya kashe uwarsa, kuma in aka sare babur ɗin ba sauran abin da zai yi musu da shi.

Ni ma na taimaka da irin nawa ilimin. Na ɗauki hoto na watsa a waya. Amsoshi suka zo kamar fari. Wani ya ce bom ne da ya rage daga yaƙi, mu gudu. Wani ya ce jirgin ruwa ne na ƙarƙashin ƙasa. Wani malami daga Dawakin Tofa ya ce ya taɓa ganin irinsa a littafi, babur ne na tsere, Turawa suna lulluɓe shi haka don ya tsaga iska. Na kai wa Mika'ilu wannan da murna.

"Tsere a ina?" ya ce. "A yashin Marke?"

Kwana biyu yana kwance a ƙarƙashin abin. Ya ce injin na Ingila ne, irin na zamanin awon gyaɗa. An yanke ƙashin babur ɗin an ƙara masa tsawo da bututun ruwa. Rigar kuwa duro ne aka fasa aka daddake. Ran Laraba na same shi ido a rufe yana shafa gefen hagu, ya koma dama, ya dawo hagu.

"Mutum biyu ne," ya ce. "Gefen dama dukan gudumar ubana ne, na san shi a jikin fartanyoyin da ya bari. Hagu kuwa sawun ya kwanta ta ɗaya gefen. Bahago ne."

"Aljani bahago?"

"Tashi ka kawo babur ɗinka."

Maƙeri bahago ɗaya aka taɓa yi a yankinmu, Shago na Gidan Buwai, can wajen Kunci. Mutanen gidan masu bin addinin kakanni ne a da, yanzu yawancinsu suna zuwa coci, shi ma a can Zachariah ake ce masa. Ba mu ma san ko yana da rai ba. Ran Alhamis da hantsi muka kwance murfin, Mika'ilu ya rungume shi a bayana, muka tafi. Duk hanya iska tana bi ta hujin nan, jariri yana kuka a ƙeyata. Ban taɓa karanta ayoyi da yawa a kan babur kamar ranar ba.

Muka sami tsohon a gindin ɗorawa, ya tsufa har ya gaji da tsufa, idanunsa sun yi fari. Muka gaishe shi. Mika'ilu ya ɗora masa murfin a cinya. Shago ya sa hannun hagu ya bi gefen, ya bi hujin ɗaya bayan ɗaya yana motsa baki. Da ya kai na ƙarshe sai hannun ya tsaya.

"Goma sha huɗu," ya ce. "Na ce masa takwas sun isa, ya ce a ƙara, ba ta son zafi. Wane ne wannan?"

"Mika'ilu ne, Baba. Ɗan Abdulkabir."

"Matso." Ya shafa fuskarsa kamar yadda ya shafa ƙarfen. "Ka yi tsawo. Da na fara ɗaukarka ba ka fi guduma nauyi ba. Wa ke tare da kai mai wannan numfashi kamar zuga-zugi?"

"Sabiru ne, Baba," na ce, "ɗan Malam Tahir."

Tsohon ya juyo da fararen idanun nan wajena ya daɗe. Sannan ya ce, "Ɗan Tahir, ga rijiya can bayan danga, ɗebo mini ruwa mai sanyi. Kada ka karɓi na randa."

Rijiyar nan ta fi ƙarfin a ce tana bayan danga, ta kusa Nijar. Da na dawo na tarar Mika'ilu ya sunkuyar da kai, Shago yana tsakiyar labari. Ga abin da na samu.

Aina'u ta yi ciki biyu kafin Mika'ilu, duka naƙuda ta yi tsanani, 'ya'yan ba su zo da rai ba. Ungozoma ta ce na uku in ba asibitin Ɗanbatta ba, har uwar za a rasa. Mota ba ta shiga gari. Jaki da amalanke kuwa kafin su kai an gama. Sai Abdulkabir ya auna faɗin burtali da igiya, ya sayar da shanun nomansa ya samo tsohon babur, ya kawo shi Gidan Buwai. Wata biyar suna duka. Hancin mai tsini don ya buɗa karan dawa ne. Sumul ɗin jikin don kada ya kama ƙaya ko ya karya wa wani shuka a yi rigima a tsaya. Igiyoyin don ta riƙe.

"To me ya sa bai faɗa wa mutane ba?" na tambaya.

"Kai ɗan yau ne," in ji Shago. "A lokacinmu namiji ya buɗe baki a majalisa ya ce matata tana da ciki, ina jin tsoro? Kunya ba za ta bar shi ba. Ko ni da muke duka tare bai taɓa faɗa ba. Cewa ya yi, a yi shi daidai tsawon mutum. Na ce wane mutum? Ya ce mutum dai, ya nuna iya kafaɗarsa. Sai na gane, na yi shiru."

Naƙuda ta zo da tsakar rana, kowa yana gona. Ya sa ta a ciki ya rufe, ya ratsa burtali. Shago ya ce abin ya yi aiki yadda aka so, ko ganye bai tsinke ba. Sun wuce rabin hanya sai ya ji tana buga murfin daga ciki. Ya tsaya a gindin wata kuka, da gaggawa har gaban babur ɗin ya daki saiwa. Da ya buɗe, yaro ya riga ya zo, yana kuka. Ita kuma jini ya ɓalle. Ta ce ya ɗora mata shi a ƙirji. Ba ta ƙara magana ba.

"Bai kai Ɗanbatta ba," in ji Shago. "Nan ya juyo, da kai a cikin rigarsa. Mu muka kai ta gida a kan amalanke. Na ce mu sare abin mu yi fartanya. Ya ce a'a, nan ne ɗakin da ta ƙare, nan ne kuma ɗakin da yaron ya fara. Ya shafe shi da mai ya gine shi a cikin dawa. Wai hira da aljanu! Da matarsa yake hira, sakarkaru."

A hanyar dawowa murfin ya yi ta kukansa, ni kuwa ban karanta komai ba.

Ran Juma'a bayan an sauko, 'yan gwangwan suka iso da gatura. Gari ya taru a bakin burtali, nesa kaɗan. Mika'ilu ya riga ya sa wa babur ɗin tayoyin aro. Ya tsaya ya yi magana mafi tsawo a rayuwarsa, ta kai minti uku, ya faɗi abin da Shago ya faɗa. Wani ya ce ai baki kowa yana da shi. Mika'ilu ya juya. Ya kama kan babur ɗin ya tura shi cikin burtali.

Dawa ta fi mutum tsawo dama da hagu. Abin ya shige kamar zare a kafar allura. Hancin yana buɗa ganye, ganye yana shafar jikin yana komawa wurinsa, tsakanin ƙarfe da kara bai fi yatsa biyu ba, kuma haka har inda ido ya ƙare. Ya shiga lanƙwasar nan ta wajen gonata, wadda ko mai keke sai ya sauka, ya fita bai taɓa komai ba. Muna biye a layi ɗaya ba mai tari. Iska ta taso, hujin suka fara. Wannan karon ba wanda ya gudu. Wata tsohuwa a bayana, wadda ta yi wasan 'yar tsana da Aina'u, ta ce, "Wayyo, ashe numfashi ya bar mata," ta rufe fuska da mayafi.

Da muka fito titi mai unguwa ya cire hula ya mayar. Ya ce wa 'yan gwangwan su yi haƙuri su koma. Sannan ya ɗaga hannu ya ce a yi wa Malam Abdulkabir addu'a, shi da iyalinsa. Malam fa. Tunda nake ban taɓa jin an sa masa Malam ba. Mutumin nan mai garma ya fi kowa ɗaga murya wajen amin.

Babur ɗin yana rumfar Mika'ilu yanzu. Ya miƙe ƙarfen gaban, na gani da idona, ya sa ma'auni ya gwada. Har yau in ka saki kan sai ya juya Ɗanbatta. Na tambaye shi dalili, ya ce in bar masa rumfa.

To ni dai ba a canza mini hali. Bayan kwana biyu na je na same shi yana goge murfin, na zauna a kan benci na ce, "Ɗan babur, ina kwana? Ashe dai ban yi ƙarya da yawa ba. A cikinsa aka same ka. Yanzu in za a cika maka takarda, garin haihuwa sai a rubuta bayan inji. Ni fa zan rubuta tarihinka kaf, har da ƙwan."

Bai ɗago ba. Ya gama goge hujin da yake gogewa, ya ninke tsumman.

"Rubuta," ya ce. "Amma ka sa har da abin da aka faɗa kana rijiya. Kafin ubana ya taɓa guduma, sau uku yana zuwa wurin babanka yana roƙon layi biyu na dawa, don mota ta iya shigowa. Bai faɗi dalili ba, babanka kuma bai tambaya ba, alhali ya sani, ƙanwarsa ce. Faɗin babur ɗin nan ba ubana ya zaɓa ba, Malam Tahir ne ya yanka masa. Gonar tana hannunka yanzu, burtalin yana nan yadda yake, kuma matarka na ga ciki ya tsufa, ta fara tafiya tana dafa bango. In ka gama dariyar, ka kawo ta in auna tsawonta, in ga ko za ta shiga."